Yadda Za Ka Bambance Rassan Heavy Metal da Kunne

Heavy metal kiɗa ne mai ƙarfi na jitar lantarki da ganga, kuma yana da rassa da dama. Fara daga tushe. A 1970 ƙungiyar Black Sabbath ta Birmingham a Ingila ta fitar da faifanta na farko. Mai kaɗa mata jita, Tony Iommi, ya rasa kan yatsu biyu a masana'anta, daga baya ya sassauta tsirkiyoyinsa, sautin ya yi ƙasa, ya yi nauyi. Riƙe wannan nauyin a kunne, shi ne ma'auninka.

Sai ganga. In kiɗan na jan ƙafa, bugu kamar 60 a minti, doom ne. In yana gudu ya haura 180, makaɗin na danne tsirkiya da gefen tafinsa sautin na fita a datse, thrash ne, irin na Metallica da Slayer na Kalifoniya a shekarun 1980.

Inda aka fi ruɗewa shi ne tsakanin death da black, domin dukansu suna da sauri. Murya ce ke raba gardama. Death metal, wanda ya yi ƙarfi a Florida, gurnani ne daga ƙirji, jitar kuma mai kauri. Black metal na Norway a farkon shekarun 1990 ƙara ce mai tsini, jitar siririya tana karkarwa, kuma da gangan ake naɗar sautin ba tas-tas ba, ba rashin iyawa ba ne. Murya tas mai tashi sama kuwa power metal ce, kamar Helloween na Jamus.

Kada ka gwada da lasifikar waya, tana haɗiye sautuka masu nauyi na ƙasa, komai ya zama hayaniya. Sa abin saurare a kunne, amma rage ƙara.