Yadda Ake Shirya Gajeren Fim na Gugar Zana da Ƙaramin Jari

Wanda yake son shirya gajeren fim na barkwanci mai gugar zana, ba tare da wani kamfani ya tsaya masa ba, ya kamata ya fara tsayar da halin da zai yi wa shaguɓe tun kafin ya nemi kyamara ko 'yan wasa. Hausawa sun daɗe a wannan fage, domin wasannin tashe da ake farawa idan azumi ya kai kwana goma suna kwaikwayon mai magani mai cika baki, da malamin da ya taka rawa kuma ya musa, jama'a su yi dariya su kuma gane inda aka dosa. Ƙarfin waɗannan wasanni shi ne kowanne hali ɗaya yake kamawa ya tsaya a kansa. Fim na minti biyar ma haka yake, ba zai iya ɗaukar cin hanci da tsadar aure da rashin wuta a lokaci guda ba.

Zaɓen wanda za a yi wa gugar zana shi ne inda ake gane mai basira. A ganina, fim ɗin da ya mayar da gurgu ko mai in'ina ko baƙauye abin dariya ba'a ce kawai, kuma wannan na cikin abin da ya sa mutane da yawa suke raina fina-finan camama. Gugar zana tana yin armashi idan ta nufi mai iko da dabarunsa, ko kuma wata ɗabi'a da kowa yake yi amma ba ya son a faɗa.

Ga misalin labarin da manyan 'yan wasa huɗu da wuri ɗaya za su ishe shi. Wani kansila ya zo ƙaddamar da rijiyar burtsatse da ba a haƙa ta yadda za ta kawo ruwa ba, sai yaransa suka ɓoye ɗan garuwa a bayan katanga yana zuba ruwan jarka ta cikin mesa. Ana buɗe famfo ruwa ya zubo, maroƙi ya ɗauki kirari. A tsakiyar jawabi ɗan garuwa ya ce sai an biya shi kuɗin jarka shida, aka hana shi, ruwa ya ɗauke, yaron kansila ya ruga bayan katanga ciniki, shi kuma kansila ya ci gaba da jan jawabi yana satar kallon famfo. Ya kamata marubuci ya lura cewa babu wanda zai fito ya yi bayanin cewa an ci kuɗin aiki, domin famfon ya riga ya faɗa. Kowace fitowa ta ƙara matse kansila fiye da wadda ta gabace ta, kuma da zarar abin ya fashe a yanke fim ɗin, kada a kawo wani dattijo ya yi nasiha.

Dole a rubuta labarin a takarda, ko da shafi uku ne. Al'adar a tara 'yan wasa a lokeshan a ce kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa tana haifar da surutu mai tsawo da editan zai rasa inda zai yanke. Bayan an ɗauki abin da aka rubuta, darakta yana iya ba su dama su ƙara nasu sau ɗaya. Babban umarnin da zai ba su shi ne su yi wasan da gaske: wanda ya fito a kansila ya yarda a ransa cewa shi mai hidima wa jama'a ne, ya bar zare ido da murguɗa baki, saboda nutsuwarsa a gaban busasshen famfo ita ce za ta sa mai kallo dariya.

Wayar hannu mai kyau ta isa ɗaukar hoto, muddin an ɗora ta a kan ƙafar ɗora kyamara don kada ta yi rawa, kuma an yi aiki da hasken safe ko na bayan la'asar. Inda ya kamata a kashe kuɗi shi ne sauti, domin mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu amma ba ya haƙuri da maganar da ba ya ji. A sayi ƙaramin makirfo da ake maƙalawa a wuyan riga, a nisanci janareta da injin niƙa da bakin titi. A kuma ɗauki fuskokin masu sauraron jawabin daban, domin da su edita zai yi amfani a CapCut ko wata manhaja wajen daidaita ɗan shirun da ke biyo bayan magana. A guji cusa sautin dariya na roba.

Batun doka yana buƙatar taka tsantsan. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana buƙatar rajista da kai fim a duba kafin a sake shi, kuma a 2008 marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi zaman gidan yari a kan saɓa ƙa'idojinta. A 2025 hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 saboda ba a kai su an tace ba, don haka kada mai ɗora aikinsa a intanet ya ɗauka abin bai shafe shi ba. A watan Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala 20 kowannensu da tara da sharar harabar kotu, bisa ɓata sunan gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. Saboda haka a ƙirƙiri sunan gari da na jam'iyya, a kauce wa hula ko alama ko salon magana da aka san wani da su, kuma a nemi izinin mai gida ko mai unguwa kafin a kafa kyamara.

Kafin a ɗora fim ɗin, a nuna wa mutum biyar ko shida da ba su san labarin ba, a zauna ana kallon fuskokinsu ba tare da yi musu bayani ba, duk wurin da suka fara duba wayoyinsu a yanke shi. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla sai tasha ta samu mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara guda, don haka a yi yarjejeniya da 'yan wasa a rubuce tun farko a kan abin da kowa zai samu yanzu da kuma kasonsa idan kuɗi ya fara shigowa.