Daga Katsina zuwa bankin zuba jari: abin da na faɗa wa ƙanena

Da Babbar Sallar da ta wuce, ɗan ƙanwar mahaifiyata ya same ni a zaure a gidanmu na Ƙofar Ƙaura, ya ce, "Yaya, na gama digiri a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ni ma irin aikinku na Legas nake so." Na tambaye shi me yake jin muna yi. Ya ce ai banki ne, karɓar ajiya da bayar da rance. Daga nan na gane inda zan fara, domin ni ma haka na ɗauka lokacin da na gama.

Bankin zuba jari ba ya ajiye kuɗin kowa a kanta. Dillanci ne. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Mai'aduwa ya ga yadda dillali ke duba sa, ya kimanta shi, ya nemo mai saye, a yi ciniki, ya karɓi la'adarsa. Mu kamfanoni muke kimantawa. Kamfani na neman biliyoyin naira zai faɗaɗa masana'anta, sai mu shirya masa sayar da hannun jari ko takardun lamuni. Wani na son sayen wani, mu zauna mu fitar da farashi. Lokacin da MTN Najeriya ya shiga kasuwar hannayen jari a 2019, da lokacin da BUA Foods ya shiga a 2022, irin waɗannan gidajen ne suka yi aikin bayan fage. A watan Maris na 2024 kuma Babban Banki ya umarci bankuna su ƙara jari, masu lasisin ƙasa da ƙasa su kai naira biliyan 500, kuma duk bankin da ya fito neman kuɗi wajen jama'a sai da ya ɗauki irinmu.

Ka san sunayen gidajen tukuna: Stanbic IBTC Capital, Chapel Hill Denham, United Capital, Coronation Merchant Bank, Rand Merchant Bank, CardinalStone, Vetiva, Afrinvest. Kusan duk a Legas suke, tsakanin Ikoyi da Victoria Island, wasu da reshe a Abuja. Hukumar SEC mai kula da kasuwar jari ce ke yi musu rajista, kuma a shafinta za ka iya tabbatar da duk wanda ya ce maka shi gidan zuba jari ne. Wanda ya nemi ka biya kafin ya ba ka aiki, ɗan damfara ne.

Sharuɗɗan ba su da yawa. Galibi 2:1 ko sama, takardar kammala bautar ƙasa, kuma yawancin tallan da na gani suna tsayar da shekaru wajen 26 ko 27. Ba dole sai ka karanta akanta ko tattalin arziki ba. Mai teburin da ke kusa da nawa injiniya ce. Sai jarrabawar gwaji a kwamfuta, lissafi da Turanci da karanta jadawali. Tambayoyin ba su fi ƙarfin ɗan sakandare mai ƙwazo ba, lokacin ne ke kayar da mutum. Ni ta farko da na zauna, ban kai rabi ba aka rufe. Ka samo tsofaffin tambayoyi irin na SHL da GMAT, ka ajiye agogo a gabanka, kullum bayan Asuba minti talatin.

Amma abin da ya fi komai, wanda na fi daɗewa a kansa da ƙanen nawa, shi ne ka zo da aikin hannunka. Takardar CV ɗinka za ta faɗa cikin tarin na 'yan jami'o'in Legas da Ibadan da waɗanda suka dawo daga Ingila, mai dubawa kuma wataƙila bai taɓa taka Katsina ba. Ba ka da kawu a can. Abin da kake da shi, kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari ta Najeriya, NGX, tilas ne su wallafa rahoton kuɗinsu, kuma kyauta ake saukewa. Zaɓi guda wanda ka san kayansa da idonka, Dangote Cement ko BUA Foods. Sauke rahoton shekara biyar. Buɗe Excel ka shigar da alkaluman da kanka: riba da asara, kadara da bashi, shige da ficen tsabar kuɗi. Ka haɗa ukun yadda in ka taɓa ɗaya sauran za su motsa. Daga nan ka yi hasashen shekara biyar masu zuwa, ka maido da kuɗin zuwa darajar yau, abin da ake kira DCF, ka faɗi nawa kake ganin hannun jari ɗaya ya kamata ya kai, da hujjarka a shafi biyu. Zai ci maka wata biyu, da cajin waya da kwamfuta a shago in babu wuta. Yi shi.

A nan za ka koyi abin da ya kayar da ni a wata ganawa. Matar da ke yi min tambayoyin neman aikin ta ce, "In raguwar darajar injina ta ƙaru da naira 100, haraji kashi 30, me zai faru?" Na yi shiru. Amsar ita ce riba ta ragu da 70, amma tsabar kuɗi ta ƙaru da 30, domin raguwar daraja ba kuɗi ne da ya fita daga aljihu ba, haraji kawai ta rage. Injina sun sauka da 100, kuɗi ya hau da 30, kadara ta ragu da 70, daidai da abin da ya ragu a ɓangaren masu kamfani. Na haddace wannan a aji, amma ban fahimce shi ba sai da na gina da hannuna.

Takardun ƙwarewa suna taimakawa. Ta akantoci, wato ICAN, da ta Cibiyar Dillalan Hannun Jari, CIS, da naira ake biya. CFA, ta masu nazarin zuba jari a duniya, mataki uku ce kuma da dala, ga tsada, sai dai masu shirya ta suna da tallafin rage kuɗin jarrabawa mai suna Access da ake nema. Ko matakin farko kaɗai ka ci, za a sake kallon takardarka.

Sai maganar da mahaifinsa ya ɗago da muka shiga cikin gida, kuma ya yi gaskiya: riba ta kuɗin ruwa. Ba zan ɓoye ba, yawancin takardun lamuni da ruwa suke tafiya. Ka zauna da malamin da ya san mu'amalat tun kafin ka cike fom, kada sai ka karɓi aiki zuciyarka ta ƙi kwanciya. Hanya kuma akwai. Jihar Osun ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci marasa kuɗin ruwa, a 2013. Gwamnatin Tarayya, ta hannun ofishin kula da basussuka na DMO, ta fitar da nata na farko a 2017, naira biliyan 100 na shekara bakwai don gina tituna, bisa tsarin ijara, kuma ta maimaita sau da dama. Ga kuma gidajen da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa: ga Lotus Capital, ga Jaiz da ya fara a 2012, ga TAJBank a 2019. Yaron da ya yi Islamiyya ya san bambancin murabaha da mudaraba da ijara, in ya haɗa da Excel, yana da abin da da yawa daga abokan takararsa ba su da shi. Ka rubuta shi a CV, kada ka ji nauyi.

In aikinka ya kammala, buɗe LinkedIn ka nemo ƙananan ma'aikatan gidajen nan, waɗanda suka shiga shekara biyu ko uku da suka wuce. Kada ka ce a taimaka maka da aiki. Ka ce ka gina lissafin kamfani kaza, kana roƙon minti goma su nuna maka kuskurenka. Da yawa ba za su amsa ba, ka ci gaba da turawa. In za ka iya samun bautar ƙasa a Legas ko Abuja, ko horon wata uku, karɓa ko da alawus ɗin bai taka kara ya karya ba. Ka kuma shirya wa dare: ranar da ciniki ya kusa rufewa, a ofis nake Isha'i, wani lokacin sai ƙarfe ɗaya nake fita.

Makon jiya ƙanen nawa ya turo min nasa, BUA Foods ya zaɓa. Kadara da bashi sun ƙi daidaita a shekara ta uku. Na ga inda matsalar take, amma na ce ya koma ya bi kuɗin da aka raba wa masu hannun jari layi-layi, ya kira ni ranar Juma'a bayan an sauko.