Fita Da Mara Lafiya Ƙasar Waje: Shirin Da Ake Yi Tun Daga Kaduna

Kafin a sayar da fili ko gona, a tambayi likitan da ke duba mara lafiyar, ko a Asibitin Barau Dikko ne, ko Asibitin Sojoji na 44, ko asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, shin aikin nan ba a yin sa a gida? Asibitin Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, ga kuma babbar cibiyar ido ta ƙasa a nan Kaduna. In fitar ta zama dole, to sai a fara tattara takardu.

A karɓi cikakken rahoton likita da Turanci: sunan cutar, magungunan da ake sha da adadinsu, da sakamakon gwajin jini na kwanan nan. Hoton CT ko MRI a sa shi a faifan CD, don likitan can so yake ya buɗe da kansa. Wanda aka ɗauka da waya ba ya nuna duk abin da likita ke buƙatar gani. In ciwon daji ne, a roƙi ɗakin gwaji su ba da guntun tsokar da suka adana da gilasan da suka duba. Rashinsu kan sa a sake yanka mutum don a ɗebo wata, ga ɓata kwanaki, ga ƙarin kuɗi.

A tura takardun ga asibitoci biyu ko uku kai tsaye ta imel ɗin da ke shafinsu, a nemi ƙiyasin kuɗi a rubuce. A nan dillalai ke cin kasuwa, domin la'adarsu a cikin kuɗin aikin take ɓuya. A karanta ƙiyasin da kyau: sau da yawa bai haɗa da ƙarin kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman ba, balle masauki da abincin ɗan rakiya. Kuɗi kuma asusun asibiti za a tura ta banki da Form A (takardar neman kuɗin ƙasar waje da ake cikewa ta banki), kada a kuskura a zuba a asusun wani mutum.

Da wasiƙar gayyatar asibiti ake neman bizar jinya, ɗan rakiya ma yana da tasa. Indiya na yarda da 'yan rakiya biyu. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6. Allurar shawara sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, don haka kada a bari sai ana gobe tafiya. Mai zuwa dashen ƙoda Indiya ya sani dokarsu ta 1994 ta hana cinikin sassan jiki, kuma sai wani kwamiti ya tantance dangantakarsa da mai ba da ƙodar. A tafi da shaidar haihuwa ko ta aure.

Mara lafiyar da ya galabaita yana buƙatar takardar likita cewa zai iya shiga jirgi, a kuma nemi keken guragu tun wajen yankar tikiti. Gara a hau jirgin ƙasa daga Rigasa a kwana a Abuja da a yi sammako ranar tashi.

Inda aka fi sakaci shi ne dawowa. Tun kafin a tashi a daidaita da likitan gida da zai ci gaba da dubawa. Ranar sallama a karɓi rahoton tiyata, sunayen magunguna na asali maimakon na kamfani, da maganin da zai kai wata uku, musamman na hana jiki ƙin sabuwar ƙoda, wanda tsallake shi na 'yan kwanaki kan iya lalata dashen gaba ɗaya.