Yadda za ki rubuta labarin soyayyar budurwa da aljani don matasa

Ƙanwata, tunda labarin da ke cin ranki na wata 'yar aji biyar ce a sakandare wadda ta faɗa son saurayin da ba bil'adama ba, bari in faɗa miki yadda nake ganin za ki ɓullo masa. Irin wannan labari ya rufa wa marubuta da yawa asiri a Amurka, kuma akwai abin ɗauka a hanyar da suka bi.

Stephenie Meyer matar aure ce mai 'ya'ya uku a jihar Arizona. A watan Yunin 2003 ta yi mafarkin wata yarinya tana hira da wani saurayi mai shan jinin mutane, yana sonta, yana kuma kwaɗayin jininta. Cikin wata uku ta gama mayar da mafarkin littafi. Littafin, Twilight, ya fito a 2005, aka yi fim ɗinsa a 2008. Ki lura, tun daga mafarkin an riga an ƙulla matsalar: duk matsowar da ya yi kusa da ita, ranta ne a kan siraɗi. To ke ma ki fara da wannan. Ki rubuta a layi ɗaya abin da zai hana su zama tare. Idan layin ya gagare ki, labarin bai nuna ba tukuna.

Daga nan sai doka, kuma a nan nake so ki daɗe. Masu shan jinin Meyer jikinsu na ƙyalli idan rana ta taɓa su, shi ya sa ta kai labarin garin Forks na jihar Washington, inda hadari da ruwan sama ba sa yankewa. Dokar halittar ce ta zaɓa mata gari. Ke kuwa ba ki da bukatar aron dodon wasu. Mai karatunki ta tashi tana jin kada ta tsaya gindin tsamiya da magariba, kada ta watsa ruwan zafi ba bisimilla, kada ta ratsa kango ko juji da tsakar rana. Tsoron yana jikinta tun kafin ta buɗe shafin farko. Aikinki shi ne ki ware littafi daban ki yanke wa aljaninki iyaka. Wa ke iya ganinsa? Me yake rasawa duk lokacin da ya rikiɗa zuwa siffar mutum? Yana iya tsallaka ƙofar gidan da ake karatun Alƙur'ani? Musulmi ne? Suratul Jinni ta nuna akwai salihai a cikinsu, akwai waɗanda ba haka ba. Sannan aljanu ba su san gaibu ba. Ƙissar rasuwar Annabi Sulaiman, alaihis salam, a Suratu Saba'i ta isa hujja. Saboda haka kada ki sa shi yana faɗa mata abin da zai faru gobe.

Abin da ya fi kashe mini jiki shi ne aljanin da komai yake iyawa. Ya kawo gwal, ya kawo mota, ya nakasa kishiyar uwa, ya ba yarinya amsar jarabawa. Da zarar ya zama haka fargaba ta tafi, mai karatu kuma fargaba ce ke riƙe ta har asuba. Dokar da kika kafa a babi na biyu, ki tsaya a kanta har babi na talatin, ko da za ta sa ki kuka. Batun aure tsakanin mutum da aljani ma malamai sun yi saɓani a kansa, don haka ki zauna da malami kafin ki yanke yadda za ki ƙare.

Ita yarinyar kuma ki ba ta rayuwar kanta. Tana da NECO a gaba, tana da hadda a Islamiyya, tana da ƙawar da suke raba awara a lokacin tara, tana son karanta aikin jinya ko da Baba bai amince ba. Akwai abin da take nema tun kafin ya bayyana, kuma a ƙarshe ita za ta yanke shawarar da ta fi kowace ɗaci. An soki littafin Meyer sosai saboda saurayin yana shiga ɗakin yarinyar yana kallonta tana barci, yana kuma tsara mata inda za ta je. Wannan sukar na yarda da ita. 'Yan shekara goma sha huɗu ne za su karanta ki. Idan ya hana ta ƙawaye ko ya tsorata ta, bari labarin ya nuna cutarwa ce. Batsa kuwa ba ta da gurbi a nan sam. Kuma don Allah kada ki ɗora maita a kan tsohuwa matalauciya ta bakin layi, kada ki mayar da farfaɗiya alamar son aljani. Akwai mutanen da irin wannan zargi ya raba da garinsu, akwai yaran da ya hana a kai su asibiti.

Sai maganar sana'a. Meyer ta aika wasiƙa 15 ga wakilan marubuta, wato masu nema wa marubuci kamfanin da zai buga littafinsa, ɗaya kacal ta nuna sha'awa, daga baya kamfanin Little, Brown ya sayi littattafai uku a kan dala 750,000. Amanda Hocking ta jihar Minnesota ta sha ƙi daga kamfanoni, sai a 2010 ta fara sayar da littattafanta da kanta a Kindle, dandalin littattafan intanet na kamfanin Amazon, kan farashi mai rahusa, a 2011 kuma kamfanin buga littattafai na St. Martin's Press ya ƙulla yarjejeniyar kusan dala miliyan 2 da ita. Ranar da ta fara, tana da littattafai kammalallu a ajiye, shi ya sa duk wanda ya gama ɗaya yake samun na gaba.

A wurinmu Wattpad da zaurukan WhatsApp ne kasuwar, kuma jarabar ita ce ki saki shafi uku yau don jin yabo, sannan ki koma rubuta abin da masu sharhi ke so. Ki daure ki kammala tukuna. Ki ajiye shi sati biyu, ki dawo ki karanta hirarrakin da ƙarfi, duk inda 'yar sakandare ta yi magana kamar uwar mata ki gyara. Ki sa ƙ da ɗ da ɓ a inda suke. Ki ba 'yan mata masu shekarun jarumarki su karanta, ki tambaye su shafin da suka ajiye wayar. Idan kuma bugawa za ki yi a Kano, ki fara leƙa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar ki ji ƙa'idojinta kafin ki biya kuɗin maɗaba'a.