Ɗaɗɗoya da sanyin Ingila: ki shigar da ita kafin Oktoba

'Yar'uwa, idan da rani kika sauka Ingila, kada yanayin ya ruɗe ki. A Yuni da Yuli har ƙarfe tara na dare rana ba ta faɗi ba, ɗaɗɗoyar da kika ajiye a baranda sai tofo take yi. Shekarata ta farko na bar tawa a waje har Nuwamba. Wata safiya na leƙa, ganyen ya yi baƙi ƙirin ya languɓe kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Na ji zafin abin, don da ita nake farfesu.

Sanyin nan ba irin hunturunmu ba ne. Ɗaɗɗoya 'yar ƙasar zafi ce, da ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 10 ta fara wahala, in ya kai sifili raɓa ta daskare a kan ganyen, ruwan cikinsa ya zama ƙanƙara ya farfasa shi. Dare ɗaya ya isa. Daren da ya fi haɗari shi ne wanda sama ta yi garau, ba gajimare ba iska. Saboda haka tun ƙarshen Satumba ki shigar da tukunyar ɗaka.

A ɗaka kuma haske ne matsalar. A ƙarshen Disamba yinin London bai cika awa 8 ba. Ki nemi tagar da ke kallon kudu, amma da dare kada ki sauke labule ki bar ta tsakaninsa da gilashi, nan sanyi ke taruwa. Kada kuma ki ɗora ta saman hita, bushewa za ta yi. Ruwa fa, ki rage hannu sosai. Sai kin taɓa ƙasar kin ji samanta ya bushe sannan ki zuba, domin yawan ruwa da sanyi ke ruɓar da saiwa.

Ni abin da na fi amincewa da shi yanke reshe ne. Ki yanko kamar tsawon yatsa, ki tsige ganyen ƙasa, ki tsoma a kofin ruwa kina canza ruwan duk bayan kwana biyu. Cikin mako biyu za ki ga farar saiwa. Ko uwar ta mutu, kina da 'ya'ya.

Wadda ake sayarwa a tukunya a manyan kantuna irin ta Italiya ce, ƙamshinta bai kai na tamu ƙarfi ba, kuma tsirrai ne masu yawa aka cusa wuri ɗaya, sai kin rarraba su suke daɗewa. Tamu ta gida, ki tambaya a shagunan 'yan Najeriya irin na unguwar Peckham a London da sunanta na Yarbanci, efirin, ko na Ibo, nchanwu. Kada ki sa a ƙunso miki dashe daga gida a jaka, shuka mai rai ba ta shiga ƙasar sai da takardar lafiyar tsirrai.

Ganyen da kika tsinka kada ya kwana a firij, baƙi yake yi. Ki daka shi da ɗan mai, ki zuba a farantin ƙanƙara ki daskarar, duk ranar miya ki jefa guda ɗaya. Tukunyar kuwa sai ƙarshen Mayu za ta koma waje, shi ma a hankali: ta yini a baranda, ta kwana a ɗaka, har mako guda.