Yadda Za Ka Bi Sawun Asalin Gidanku Ta Unguwarku A Birnin Kano

A Kano in aka ce "ɗan wace unguwa ne?" ba kwatancen gida ake nema ba. So ake a san iyayen mutum da sana'ar gidansu da zauren da suka yi karatu. Shi ya sa mutum kan liƙa sunan unguwa a jikin nasa, a ji Yakasai ko Gwammaja ko Fagge. Mai son sanin tushensa, daga nan zai kama.

Fara da sunan unguwar kanta. Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa sun faɗi baƙin da suka fara sauka a cikinsu. Ayagi ta Yarabawa ce. Dandalin Turawa kuwa Larabawan arewacin Afirka ake nufi, don su ake kira Turawa kafin zuwan Nasara a 1903. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ta samo suna. Sharifai ana danganta ta da zuriyar Shehu Magili, wanda ya zo zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, Madabo kuma da malaman Wangarawa. Sai dai a kula: zama a Madabo bai mai da mutum Bawangare ba. Almajirci da fatauci da aure sun kawo gidaje da yawa daga baya.

Daga nan sai tsofaffi, kuma ka fara da mata. Kaka da gwaggo sun fi maza riƙe wa ya auri wa, da wanda aka yi goyonsa a wani gida. Je da goro da ɗan turare, bayan La'asar. Nemi izini kafin ka kunna rikoda a waya, kada zaman ya wuce minti 40, domin tsoho in ya gaji sai ya riƙa amsa maka da "haka ne" don ka tashi. Gara zama uku gajeru da ɗaya mai tsawo.

Kada ka tambayi shekara, tambayi zamani. "Wane sarki ne a kan gado?" Sarki Alhaji, wato Abdullahi Bayero, ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, Sarki Sanusi daga 1953 zuwa 1963, Sarki Inuwa na 'yan watanni a 1963, sai Ado Bayero daga 1963 har 2014. Canjin hannu na tuƙi a 1972 aka yi shi, naira ta maye gurbin fam a 1973. Da waɗannan za ka tsayar da haihuwa ko ƙaura kusa da shekararta.

Alkunya ce ke ɓatar da mafi yawan masu bincike. Tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko ɗan farinta ba, sai ta ce "Malam" ko "mai sunan Malam", kai kuma ka rubuta mutum ɗaya wuri biyu. Kowane suna ka ji, ware masa gurbi uku: na yanka, da laƙabi, da wanda ya faɗa maka. Na yankan ka nema a bakin ƙanwarta ko jikarta.

Tambayi barkwanci ma. In kakanka da Bayarabe yake wasa, duba Gobir. In da Bafillatani ne, duba Barno. Haka zanen fuskar tsofaffi, wanda tsohon wanzami zai karanta maka nan take.

In gidan malamai ne, roƙi a buɗe maka kundi da gafakar littattafai, ana yawan rubuta haihuwa da rasuwa a gefen takarda. Ɗauki hoto, kada ka fita da takardar. Mai unguwa da limami su ne shaidu na biyu. Duk labarin da ba ka ji daga baki biyu da ba gida ɗaya ba, rubuta "an ce" a gabansa, musamman da'awar sharifta ko jinin sarauta, wadda gidaje da yawa ke so.

Wani lokaci ana cikin hira sai tsohuwa ta yi shiru ta sauya zance. Galibi maganar bauta ce ko rigimar gado. Kashe rikodar, kada ka matsa, kuma kada ka yaɗa abin da ka fahimta sai da yardar manyan gidan.