Yadda tsohuwar mota ke samun kalar tsufa, da yadda za ka kula da ita ba tare da ka ɓata ta ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tsohuwar Fijo 504 ko Landiroba ko irin manyan motocin nan na Marsandi masu dogon hanci da suka shekara talatin arba'in suna shan rana ya san kalar da nake nufi, fenti ya dusashe, saman bonet ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, wani wajen jan fentin ƙasa, wato wanda ake fara fesa wa ƙarfe kafin a sa kala, ya leƙo, ƙofar direba ta goge daidai inda ake ɗora gwiwar hannu. Mu a nan da an ga haka sai a ce a kai wa mai fenti ya fesa sabo, amma a Amurka da Turai akwai masu biyan kuɗi sosai don su samu motar da ta tsufa a haka ba a taɓa ta ba, har wasu na zama su ƙirƙiri ta jabu da sanfefa da ruwan gishiri. Ni dai ra'ayina in kana da irin wannan motar kar ka yi gaggawa, fara duba abin da ke jikinta tukuna, don sabon fenti ko yaushe za ka iya yi amma na asali in ya tafi ya tafi kenan.

Fara da sanin wane irin fenti ne a jikinta, don shi ne ke yanke yadda za ta tsufa. Yawancin motocin da aka ƙera kafin shekarun 1980 fentinsu shafi guda ne, kala da sheƙin duk a haɗe suke. Hasken rana yana cinye ƙaron da ya riƙe garin kalar a hankali a hankali, sai garin ya saki ya zauna a sama, shi ya sa in ka goga tafin hannunka a jikin tsohuwar farar mota za ka ga hannunka ya yi fari kamar ka taɓa alli. Ruwan sama ya wanke wannan garin, rana ta ci na ƙasansa, mai wanki ya goge wani, a haka fentin ke siririta shekara bayan shekara har a iso fentin ƙasa, wanda galibi ja ne ko ruwan toka, daga nan sai ƙarfe, daga ƙarfe sai siririyar tsatsa ta hau. Jan fenti shi ya fi saurin koɗewa, ya koma ruwan hoda. Daga shekarun 1980 kamfanoni suka koma shafi biyu, kala a ƙasa sannan a fesa wani mai garai-garai a sama don sheƙi, kuma wannan ba ya tsufa da kyau sam, ɓarewa yake yi yana tashi fari-fari a rufi da bonet, irin wanda kake gani a jikin motocin Kwatano. Gwajin mai sauƙi ne, ka samu farin ƙyalle da ɗan folish ka goga a wani lungu, in kalar motar ta fito a ƙyallen to shafi guda ne, in ba ta fito ba mai shafi biyu ce, kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa bai cika yi mata amfani ba.

Sai ka ja baya ka kalli motar gaba ɗaya ka ga ina da ina ta ci. Tsufa na gaskiya yana da tsari, rana daga sama take bugowa don haka rufi da bonet da murfin but da kafaɗun madigadi su ke fara mutuwa, gefen ƙofofi kuma na ƙasa yakan riƙe kalarsa har da ɗan sheƙi. In motar ta daɗe a ajiye wuri ɗaya za ka ga ɓangare guda ya fi ɗaya koɗewa. Kan layin da ƙarfe ya lanƙwasa nan fenti ya fi siriri tun daga kamfani kuma nan tsumma ya fi ci, to shi ke fara nuna fentin ƙasa. Ga kuma sawun mutane, kewayen mariƙin ƙofa da farce da makulli suka kakkarce, ƙarƙashin bakin tanki inda fetur ke zuba, bakin bodin a-kori-kura inda aka yi shekaru ana jan buhuna. Gaban mota kuma tsakuwa da yashi ne ke yi masa ɗigo-ɗigo, musamman wadda ta yi rayuwarta a hanyar burji. Abin da ya fi burge ni a manyan motocinmu shi ne rubutun da masu zane suka yi da hannu, addu'a ko karin magana ko zanen zaki da dawisu, wani lokaci fentin rubutun ya goge amma ya kare na ƙasansa daga rana, sai haruffan su rage a matsayin inuwa, kana iya karanta sunan garin da motar ta yi lodi shekaru da dama baya. Dan Allah in ka samu irin wannan kar ka bari a goge.

Da wannan tsarin za ka gane ta jabu, tsatsa a tsakiyar ƙofa alhali rufi na sheƙi, ko layin sanfefa duk sun bi hanya ɗaya.

Yanzu ga inda ya fi muhimmanci, bambance tsatsar sama da ruɓa. Tsatsa ba ta samuwa sai da ruwa da iska, gishiri kuma yana ƙara mata sauri sosai. Shi ya sa masu neman tsofaffin motoci a Amurka suke zuwa busassun jihohi irin su Arizona da New Mexico, can rana ta ƙone fentin amma ƙarfen lafiyarsa ƙalau, alhali motocin arewacin ƙasar da na Ingila inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara ƙasansu ne ke fara ruɓewa tun fentin sama na da kyau. Mu ma yanayinmu na Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram ya fi kama da na farkon, damina gajera ce rani dogo, mota tana bushewa da wuri, ba kamar Legas ko Fatakwal da iskar teku da laima ke cin ƙarfe ba. To Fijon da aka haɗa a kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara fitar da motoci a 1975, in a arewa ta yi rayuwarta akwai kyakkyawan zaton ƙarfenta na nan da ƙarfi ko da samanta ya koɗe.

Amma kar ka yarda da zato, shiga ƙarƙashi da tocila da sukundireba. Tsatsar sama santsi gare ta, launinta ɗaya, in ka ƙwanƙwasa ƙarfen yana amsawa. Ruɓa kuwa tana kumbura fenti ya yi ƙuraje, tana ɓarewa falle-falle, in ka danna sukundireba sai ya nutse. Duba ƙasan ƙofofi, dandamalin ƙarƙashin kafet, ramin safaya, wajen zaman batir inda ruwan batir ke zuba, kewayen robar gilashin gaba da na baya, cikin madigadi inda laka ke maƙalewa ta riƙe ruwa, da shasi musamman inda sifirin ya kama. Duk inda ka samu ruɓa a waɗannan wuraren babu maganar kyau, a yanke a yi walda da sabon ƙarfe, don rayuwar mutane ce a ciki. Ka tafi da mayen ƙarfe kuma, ka naɗe shi a ƙyalle ka bi jikin motar, inda ya ƙi kamawa to fanal bita ya cika wajen da foti, wato kwaɓin da ake cike lotsawa da shi. Banda tsohuwar Landiroba, ita tun fitowarta a 1948 bodinta na alminiyam ne, maye ba zai kama ba kuma ba ta yin jar tsatsa sai dai fari-fari, amma shasinta da bangon da ke tsakanin inji da direba ƙarfe ne, su za ka matsa wa ido.

In ka tabbatar ƙarfen lafiya yake sai wanki. Ruwa mai yawa, sabulun mota mara ƙarfi, soso mai laushi, a inuwa da safe kafin bodi ya yi zafi. Kar a sa Omo, kar a sa soson ƙarfe, kuma kar ka bari yaran wajen wanki su matso da bakin injin feshi kusa da fenti don zai ɗaga wanda ya riga ya yi rauni. A lokacin hunturu kada ka taɓa goge ƙura da busasshen tsumma, wannan ƙurar kartar fenti take yi, fara kwarara ruwa tukuna. Bayan wanki ka samu waya ka zokale ƙananan ramukan da ke ƙasan kowace ƙofa da ruwa ke fita ta ciki, yawanci laka ta toshe su shekaru, kuma su ne sanadin ruɓewar ƙofa daga ciki.

Daga nan kana da zaɓi. In fentin yana da saura, ɗan folish da hannu zai cire mataccen garin ya dawo da kalar, amma a hankali, duk gogawa fenti kake ragewa, injin folish a hannun wanda bai iya ba cikin minti ɗaya zai kai ka fentin ƙasa a kan lanƙwasa. Inda tsatsa ta yi kaushi za ka iya lallaɓa ta da sanfefa mafi laushi da ruwa, a jiƙe dai kullum, kuma ka rufe hanci, don tsofaffin fenti da dama akwai dalma a ciki kuma ƙurarta guba ce musamman ga yara. Kar ka kai tinna kusa, tana narkar da wasu tsofaffin fentin nan take.

Sai rufewa don iska da ruwa su daina kaiwa ga ƙarfen. Turawa da yawa suna shafa dafaffen man linsid, irin na masu fenti da kafintoci, suna tsinka shi su shafa siriri su goge, yana fito da kalar ta yi duhu ta yi kyau sosai. Matsalarsa a wajenmu yana daɗewa yana danƙo kafin ya bushe, in ka shafa a watan Disamba ko Janairu ƙura za ta manne a kai gaba ɗaya, don haka in za ka yi ka yi a rufaffen wuri. Kuma tsumman da ka yi aiki da shi kar ka dunƙule ka jefa a lungu, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa, ka shanya shi a buɗe ko ka jiƙa shi cikin bokitin ruwa. Ni na fi son folish mai kaki, wanda babu sinadarin gogewa a ciki, ka shafa ka bari ya sha iska ka goge, ka maimaita kafin damina da bayanta, ba ya riƙe ƙura kuma duk ranar da ka canza shawara yana fita. Wasu na fesa fenti mai garai-garai mara sheƙi a kan komai, gaskiya ban ba ka shawara ba, ba ya kama tsatsa da mataccen fenti da kyau, ranarmu kuma za ta ɓare shi, cire shi kuma sai ya tafi da abin da kake son karewa. Baƙin mai da ake shafawa shi ma a bar shi, yana lalata roba yana tara datti.

Ƙarƙashin mota kam ba wajen ado ba ne, a kankare tsatsar da burushin waya, a shafa maganin tsatsa mai mayar da ita baƙa, a bi da fenti, a fesa mai ko kaki cikin ƙofofi da cikin shasi. Robobin gilashi da suka tsage a canza su don ta nan ruwa ke shiga ya kwanta a dandamali.

Wajen ajiya ka nemi rumfa mai iska da daɓen siminti. Kar ka lulluɓe ta da tamfol ko leda da damina, laima ke taruwa a ciki kuma iska na kaɗa shi yana gogar fentin, kar kuma ka bar ta ƙarƙashin bishiya don kashin tsuntsu da ƙaro suna cin fenti su bar tabo. In a kan turɓaya dole za ta zauna ka riƙa tayar da ita kana zagayawa ko sau ɗaya a sati biyu, ka sauke gilasai ta sha iska, bayan ruwan sama kuma ka ɗaga kafet ka taɓa ka ji ko akwai danshi.